Ragon Hajaratu a Allon Jibrilla

A watan da ke gaban babbar sallah, ƙungiyar masu kiwon raguna ta Tawa ta yi taro a zauren shugabanta, Alhaji Souleyman, don shirya gasar shekara. Kyautar bana karsana ce ja, 'yar Azawak. Wanda ragonsa ya fi nauyi shi zai ja ta zuwa gida.

Matsalar ita ce ta kowace shekara. Ƙungiyar tana da sikeli mai aiki da lantarki, wanda wani shirin taimako ya bar mata, amma tagar da yake nuna nauyi ba ta fi akwatin ashana ba. Mutum ɗaya ke leƙawa, sai Manzo sanƙira ya ɗauki lasifika ya faɗa wa jama'a, sannan a yi rigima. Bara an ce ya ƙara wa ragon maƙwabcinsa kilo. Bara waccan an ce ya rage wa wani da suka taɓa faɗa a kan jaki.

Ana cikin wannan magana Jibrilla ya miƙe. Ya yi shekaru a Abijan, ya dawo da ordinater ɗaya, wato kwamfuta, da baƙin tabarau, da al'adar fara kowace magana da "a can". Shi ya sa wa kansa suna Injiniya. Shi da Manzo taubasai ne, ɗan gwaggo da ɗan kawu, don haka babu abin da ɗaya bai isa ya gaya wa ɗaya ba.

"Perezidan," in ji Jibrilla, "a can an daina wanga aiki na baki. Sikelin nan naku shina ajiye kowane nauyi cikin wani rubutu da ake ce ma XML. Lamba ce tsirara, ba riga ba wando. Ni zan ɗinka mata tufa da XSL, in hiddo ta bisa babban allo, kowa ya gani da idonsa. Na'ura ba ta da maƙwabci, ba ta da jaki."

"Ni kuma hwa?" in ji Manzo.

"Kai ka riƙe igiya. Da ma ƙirar mai riƙon igiya gare ka."

"To Injiniya, in na ɗora akuyata bisa sikelin, mi na'urarka za ta ce?"

Akwai wuri a cikin XSL inda ake zaɓen kalmar da za ta fito idan na'ura ta ci karo da abin da ba ta iya karantawa a matsayin lamba. Idan ba a zaɓa ba, sai ta rubuta NaN. Jibrilla ya taɓa ganin wannan wuri, amma ya fahimce shi yadda ya ga dama. Ya buɗe ordinater a gaban dattawa, ya buga 'yan haruffa da yatsa ɗaya, ya juyo.

"Na koya mata. Duk ranar da aka ɗora abin da ba rago ba, za ta rubuta AKUYA CE, da manyan baƙaƙe."

Dattawa suka yi salati. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa na'urar Jibrilla tana bambanta rago da akuya, wasu ma suka ce tana gane ragon sata.

A gida, matarsa Raƙiya tana tankaɗe ta ce masa Inna za ta zo daga Kalfu da ragonta. Inna ita ce Hajaratu, uwar Raƙiya. Ta yi shekara tana ba ragon harawa da dussa da kanwa, tana kwantar da shi a inuwar da ta fi ta kowa a gidan. Game da surukinta kuwa, tun dawowarsa, duk wanda ya tambaye ta sana'arsa sai ta ce, "An ce shina taɓa rediyo." Wannan magana ta fi komai ci wa Jibrilla rai.

"Ki aika mata," in ji shi, "ki ce nauyin ragonta zai hito da baƙaƙen da makaho ma zai gani. Ranar za ta san wa ta ba ɗiya."

"Ni dai kada ka ba ta kunya cikin mutane," in ji Raƙiya. "Karsanar nan har ta gyara mata turke."

Ranar gasa filin ya cika tun da hantsi. Mutanen Barmu sun zo a amalanke, na Takanamat da rawuna har hanci, mata sun jeru a gefe ɗaya da 'ya'ya a baya. An aro katuwar talabijin daga gidan kallon ƙwallo, an ɗaure ta a jikin rumfa. Waya ɗaya ta tashi daga sikeli zuwa ordinater, wata daga ordinater zuwa allo. Jibrilla ya zauna a tsakiya kan kujerar roba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Umurnin da ke sa wa lamba tufa ana ce masa format-number. Ana ba shi lamba, a ba shi zubin da za ta bi. Jibrilla ya ba shi zubi mafi sauƙi, alamar # guda ɗaya, wadda ke nufin a nuna kilo cikakke, a share guntaye.

Aka ɗora rago na farko, allo ya ce 85. Jama'a suka tafa. Aka ɗora na biyu, allo ya ce 85. Aka ɗan tafa. Aka ɗora na uku, wanda ko yaro ya ga ya fi na biyu gindi, allo ya sake cewa 85.

"Na'ura ta raba musu gado daidai," in ji Manzo daga wajen igiya.

Masu raguna uku suka taso a tare. Na farko ya ce ragonsa ya fi. Na uku ya ce shi ba zai yarda a haɗa shi da wanda ke ba dabba kwali ba. Alhaji Souleyman ya leƙa ƙaramar tagar sikeli ya ga akwai guntun lamba a bayan 85 ɗin, wanda allo ya haɗiye.

"Injiniya, ina sauran?"

"Da gangan na ɓoye shi, Perezidan, don kada in wahal da idon tsohwahhi. Tunda kuna so, ga shi."

Ya ƙara ɗigo da sifiri a zubin. Allo ya ce 85.4. Masu raguna suka lafa. Amma Alhaji Souleyman ya yi makarantar boko a zamanin da ake dukan yaro a kan waƙafi, kuma ya ga wakilin magajin gari yana shigowa fili da babbar riga.

"Mi ne ne wannan ɗigo? Nan ba Sakkwato ba ce. A ƙasar nan waƙafi ake sawa, birgil. Tamanin da biyar birgil huɗu. Gyara shi kahin baƙo ya zauna."

Wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya ce shi dai ɗigon ya yi masa daidai. Aka ce masa ya bari sai an yi gasa a garinsu.

"Abu mai sauƙi," in ji Jibrilla. Ya goge ɗigo, ya sa waƙafi a wurinsa.

Abin da bai sani ba shi ne, in ba a gaya wa na'urar wani abu dabam ba, waƙafi a wurinta ba ya raba kilo da guntunsa. Aikinsa shi ne yanka lamba rukuni-rukuni, kuma tana ƙirga girman rukunin daga yawan gurbin da ke bayansa. Jibrilla ya bar gurbi ɗaya. Rago na uku yana tsaye a kan sikeli yana tuƙa, allo ya ce 8,5.

Wakilin magajin gari ya dubi allo, ya dubi rago, ya cire tabaransa ya goge.

"Kilo takwas da rabi!" in ji Manzo, ko lasifika bai nema ba. "Jama'a, a kawo mai hatsi, rago ya rame a tsaye!"

"Zakarana ya hi haka!" in ji mai ragon. "Wallahi zakarana ya hi haka!"

"Ku yi haƙuri," in ji Jibrilla, "na'ura tana ɗumama ne. A can ma haka take yi da hwarko. A kawo na gaba."

Na gaba shi ne na Ciɗo, makiyayi daga Takanamat, dogon mutum mai magana a hankali. Ragonsa balami ne fari sol, mai wuya kamar turmi, kuma kowa ya san shi ne abin tsoro a gasar. Mutum biyu suka tura shi kan sikeli. Allo ya ce 1,0,1.

Ciɗo bai iya karatu ba, amma ya iya ƙirga. Ya nuna allo da sandarsa.

"Wa ya yanka mini rago gida uku tun sallah ba ta zo ba?"

"Ba a yanka ba, malam, an dai jera shi."

"Ɗaya, babu, ɗaya," in ji Manzo. "Kai da gindi suna nan, cikin ne aka sace."

Gumi ya fara bin ƙarƙashin baƙin tabarau. Jibrilla ya tuna cewa akwai wata alama da ke kumbura lamba, kuma tunda kukan jama'a shi ne raguna sun yi ƙanƙanta, sai ya liƙa alamar kashi cikin ɗari a ƙarshen zubin. Alamar ta yi aikinta da gaskiya, ta ninka nauyin sau ɗari. Allo ya ce 1,0,1,3,0%.

Filin ya fashe da dariya.

"Yanzu kuma lambar waya ce," in ji wata mata. "A kira a ji wa zai ɗauka."

"Ciɗo, giwa ka kawo muna?"

"In haka ragona yake," in ji Ciɗo, "ku riƙe karsanarku, ku ba ni mota in kai shi gida."

Alhaji Souleyman ya matso, ya sunkuya daidai kunnen Jibrilla, yana murmushi saboda baƙo.

"Ɗana, kai ka ce mu ajiye lasifika. In wanga abu bai gyaru ba kahin in gama shan ruwan nan, da kai da talabijin duk amalanke guda za ku hau."

Jibrilla ya shiga tono. Ya koma layin nan da ya rubuta akuya, wanda ake kira decimal-format, sai ya ga ashe a nan ne ake gaya wa na'ura wace alama ce mai raba kilo da guntunsa. Ya rubuta mata cewa waƙafi ne. Na'ura ta ga an ba waƙafi aiki biyu, na yanka rukuni da na raba guntu, ta ƙi duka biyun. Allo ya yi fari fat.

"Ta suma," in ji Manzo. "A yayyahwa mata ruwa."

"Kai, rihe muna baki, bawan gidanmu!"

"Na rihe. Kai buɗe allo."

Ko sa'a ce, ko addu'ar Raƙiya ce daga inda take, Jibrilla ya ba ɗigo aikin yanka rukuni, ya bar wa waƙafi aiki ɗaya, ya cire alamar da ke kumbura lamba. Allo ya yi ƙyafta, ya ce 101,3.

Alhaji Souleyman ya leƙa tagar sikeli, ya dubi allo, ya ɗaga hannu. Daidai ne, har da birgil. Wakilin magajin gari ya tafa. Aka maido da raguna ukun farko, kowanne ya samu nasa, babu biyu da suka yi daidai. Raguna suka yi ta hawa suna sauka, allo bai sake tuntuɓe ba, kuma babu wanda ya kai na Ciɗo.

Jibrilla ya miƙe, ya ɗauko lasifika daga inda aka rataye ta.

"Jama'ar Adar! Abin da kuka gani ɗazu gwaji ne, don in nuna muku hanyoyin da lamba ke iya ɓacewa a hannun wanda bai sani ba. Daga yanzu, abin da allon ga ya hwaɗi shi ne hukunci. Ba ƙara, ba roƙo. Ko ragon uwata ne. Perezidan, ka yarda?"

"Na yarda."

"Ciɗo, ka yarda?"

"Tunda ni ke gaba, na yarda."

A daidai nan mutane suka dare, Hajaratu ta shigo fili. Gajeriyar tsohuwa ce mai baƙin zane, tana riƙe da igiya da hannu ɗaya, Raƙiya na biye da ita. A ƙarshen igiyar akwai rago mai baƙin kai da farin jiki, ƙahoninsa sun naɗe sau biyu, yana tafiya kamar shi ya shirya taron.

Mutumin Adar ba ya zama kan kujera da takalmi a gaban surukarsa, ba ya kallon fuskarta, balle ta baƙin tabarau. Abijan ba ta cire wa Jibrilla wannan ba. Ya zabura ya bar kujera, ya cire tabarau, ya tuɓe takalmi, ya ja da baya zai durƙusa. Dugadugansa suka taka wayar da ta haɗa sikeli da ordinater, kanta ya fita, ya karye.

Ya jawo ordinater ƙasa, ya durƙusa a gabanta, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, bayansa yana fuskantar allo.

"Sannu da zuwa, Inna. An zo lahiya?"

"Lahiya lau," in ji Hajaratu, tana kallon wani wuri dabam, kamar yadda ya kamata.

Rago ya hau sikeli da kansa. Allo bai motsa ba.

"Perezidan," in ji Jibrilla ƙasa-ƙasa, "waya ta ɗan gaji. Leƙa taga ka hwaɗa mini, in sa da hannu. Duk ɗaya ne."

Alhaji Souleyman ya leƙa. Girarsa ta ɗaga.

"Ɗari da uku birgil biyar," ya raɗa masa.

Zuciyar Jibrilla ta yi fari. Ragon Inna ya ci, kuma a allonsa za a gani. Ya buɗe rubutun XML, ya buga lambar yadda aka faɗa masa, da waƙafinta, yadda ya sha wuya yau ya koya. Sai dai waƙafi na tufar da lamba ke sawa a allo ne kawai. A cikin rubutun kansa na'ura ɗigo kawai ta sani, kamar yadda sikeli ke aiko mata tun safe. Ta duba abin da aka ba ta, ta ga ba lamba ba ne, ta nemo kalmar da aka koya mata a zauren Alhaji.

Ihun da ya tashi ya kori tsuntsaye daga itacen bedin da ke bakin fili. Jibrilla, kansa a ƙasa, ya ji shi, ya yi murmushi.

Hajaratu ta juya wajen Manzo. "Ɗan nan, mi aka rubuta?"

Manzo ya saki igiyar da ke hannunsa. Ya ɗauki lasifika a hankali, kamar mai ɗaukar jariri.

"Injiniya, Inna na tambaya. In hwaɗa mata?"

"Hwaɗa mata mana."

"Ko dai ka juya ka duba tukuna?"

"In juya ma Inna baya? Ba ni da tarbiyya? Hwaɗa mata da ƙarhi. Ka ce mata na'ura ba ta ƙarya, kuma ni na koya mata da hannuna."

"Kai," in ji Raƙiya, "kai, don Allah..."

"Raƙiya, bari maza su yi aiki."

Manzo ya gyara murya. "Inna Hajaratu ta Kalhu! Surukinki Injiniya Jibrilla ya ce in gaya miki, da hannunsa ya koya ma na'ura, kuma na'ura ba ta ƙarya. Na'ura ta duba dabbarki ta ce: AKUYA CE!"

Jibrilla ya daskare a durƙushe. Juyawa ba dama, tashi ba dama.

Ciɗo ya tako gaba, yana ƙoƙarin haɗiye dariya cikin rawani. "Perezidan, an ce ba ƙara, ba roƙo, ko ragon uwar wa. Gasar raguna muka zo. A ba ni igiyar karsana."

Alhaji Souleyman ya dubi wakilin magajin gari. Da bakinsa ya yarda, a gaban baƙo.

Hajaratu ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi ragonta tun daga ƙaho har wutsiya, kamar yau ta fara ganinsa.

"Akuya," in ji ta. "Shekara guda ina ba akuya harawa ban sani ba. To, tunda akuya ce, ba ta buƙatar riƙo."

Ta buɗe hannu, igiya ta faɗi.

A wurin mutane, sunkuyar da kai ladabi ne. A wurin rago kuwa gayyata ce. Tun da ya hau sikeli yake kallon wannan halitta da ta durƙusa a gabansa ta miƙo masa tsakiyar kai, ba ta janye ba. Ya sauka, ya ja da baya, ya karce ƙasa.

"Injiniya," in ji Manzo a lasifika, "akuya na zuwa gaisuwa."

Jibrilla ya ɗago ido a makare. Ya yi wuf ya juya zai gudu ta wajen sikeli, don haka gaisuwar ta same shi a mazaunai. Ya tashi sama da rarrafe, ya wuce ordinater, ya sauka zaune daram a tsakiyar sikeli, ƙafafu a miƙe, hula a gefe.

Mata suka riƙe ciki. Wakilin magajin gari ya ɓoye fuska a hannun riga. Ciɗo ya jingina da sandarsa yana share hawaye.

"A'a," in ji shi. "Na janye. Na yi kiwon awaki tun ina yaro, ban ga wadda ke duka haka ba. Perezidan, nawa ka gani a taga?"

"Ɗari da uku birgil biyar."

"Ta hi ni. A ba tsohuwa abinta."

Aka kama rago, aka kwanto karsana, aka damƙa wa Hajaratu igiya biyu. Guɗa ta tashi daga wajen matan Kalfu. Jibrilla yana nan zaune inda ya sauka, don bai tabbata ƙugunsa zai yarda ya tashi ba, kuma surukarsa ba ta bar fili ba tukuna. Ya sake sunkuyar da kai.

Hajaratu ta zo wucewa ta gaban sikeli, rago a dama, karsana a hagu. Ta tsaya. Karo na farko tun da aka ɗaura auren Raƙiya, ta dubi surukinta sosai, daga hula har tafin ƙafa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi allon da ke bisa kansa.

"Manzo, rubutun nan na ɗazu, shina nan?"

"Shina nan, Inna."

"To kada a goge," in ji ta, ta ja dabbobinta ta wuce.